“Ai Na Tura a Guruf”

Na san akwai masu karatu a Azare da suka fara taɓe baki tun daga kan taken nan, don sun gane inda aka dosa. To ku gyara zama, da ku ɗin ake. Ku da kuka kashe kuɗi aka sa wa shago ko ofis manhajar ajiye bayanan kwastomomi, aka ɗauko yaro daga Kano ya zo ya koya muku, aka yi masa shinkafa da kaza, yana shiga mota a tasha kuka koma gidan jiya. Sunan kwastoma yana cikin kwamfuta, lambar wayarsa tana ciki, bashin da ake bin sa yana ciki. Amma duk wata magana da ta shafe shi, wa ya yi masa alkawarin ragi, yaushe ya ce zai biya, me ya sa ya dawo da kaya, tana can cikin guruf ɗin WhatsApp, a matse tsakanin hoton jaririn da aka haifa wa direba da wa'azin da sakatare ya turo bayan asuba.

Alhali kuwa manhajar da kuka saya da kuɗinku tana da wurin magana a jikinta. In ka buɗe shafin kwastoma, a gefe ko a ƙasa akwai fili. Ka rubuta abin da kake so, ka ambaci sunan abokin aikinka, saƙon ya same shi, ya ba ka amsa a nan. Maganar ta zauna manne da shafin wannan kwastoman, da sunan wanda ya rubuta, da rana, da ƙarfe nawa. Abin ma ya tsufa. Kamfanin Salesforce na Amurka ya fito da nasa, Chatter, tun 2010. Odoo ta ƙasar Beljiyam tana da shi a jikin kowace takardar ciniki, Zoho ta Indiya ma haka. Kai, har DHIS2, rumbun alƙaluman lafiya da Jami'ar Oslo ta ƙirƙiro, wanda ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi suke zuba masa rahoton asibitoci duk wata, yana da akwatin saƙo a cikinsa. In kana da aboki a cikin masu wannan aiki, tambaye shi ko ya taɓa leƙa akwatin, sannan ka lura da yadda zai sosa ƙeya.

Alhaji, ranka ya daɗe, na ji ka. Ka ce nan Azare ce ba Legas ba. Ma'aikatanka bakwai, biyu 'ya'yan ƙanenka ne, ɗaya surukinka, in magana ta taso leƙawa kake ta taga ka ƙwala kira. Ban musa ba. Amma ka ba ni aron shagonka na ɗan lokaci.

A ɗauka kai dilan taki ne da maganin feshi. Wani manomin rani daga wajen Sakwa ya zo a watan Janairu ya ɗauki buhu 40, ya biya rabi ta tiransifa, sauran sai ya yanke shinkafa. Lokacin kana kan hanyar Kano. Manaja ya buga maka waya, ka ce a rage masa naira 500 a kowane buhu tunda tsohon abokin ciniki ne, tun zamanin mahaifinsa. Manaja ya tura wa kashiya saƙon murya a guruf. Kashiya ta saurara ta ce to, amma ba ta gyara lissafin ba, don a daidai lokacin layi ne a gabanta, na'urar POS kuma ta ƙi fitar da rasit. Wata biyar suka wuce. Manomi ya dawo da kuɗinsa cif, ya cire 20,000 ɗinsa na ragi. Kwamfuta ta ce ita ba ta san zancen ba. Kashiyar da ta ji saƙon an ɗaura mata aure, tana Misau. Wayar manaja an zare ta daga aljihunsa a wajen ɗaurin auren nan ɗin. Kai kuma Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ka tuna sarai ka yi wa wani ragi, sai dai ba ka tabbata ba ko na Sakwa ne ko na Udubo.

Daga nan sai a shiga sana'ar da kuka fi ƙwarewa a kai, wato jan allon waya sama. Mutum uku a kan waya ɗaya, yatsa yana ta aiki. A wuce sanarwar rasuwa, a wuce furannin barka da Juma'a, a wuce gardamar Arsenal ta kwana uku wadda har sai da aka fitar da wani daga guruf. Ga saƙonnin murya nan birjik, ba wanda aka rubuta wa suna a goshi, dole sai an kunna ɗaya bayan ɗaya. A kunna wannan: salamu alaikum, an wuni lafiya, ya aiki, ya iyali, ya muka ji da sanyi, ya mai jiki. Sai an kusa cin minti guda kafin a gane ashe zancen gyaran janareta ne. Shi kuwa manomi yana tsaye, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Bai ce komai ba, don mutumin kirki ne. Amma a zuciyarsa ya riga ya yanke cewa baɗi a wani shagon zai ɗauki taki, kuma kafin ya isa gida rabin 'yan motar sun ji labari.

Layi ɗaya ne ya raba ku da wannan abin kunya. Da manaja ya buɗe shafin manomin a ranar ya rubuta, “Alhaji ya amince da ragin 500 a buhu, a gyara,” ya ambaci sunan kashiya, da ko ta manta, wadda ta gaje ta za ta gani da ta buɗe shafin, ba sai an tayar da amarya daga barci a Misau ba.

Ga wani can daga baya yana ɗaga murya, wai rubutu ɓata lokaci ne, Bahaushe da baki aka san shi, magana ɗaya ta ishi mai mutunci. Haba Malam! A ƙasar Guddiri za ka faɗi haka? Ku da kuka shekara da shekaru kuna neman jihar Katagum, duk lokacin da Majalisar Tarayya ta buɗe zaman gyaran tsarin mulki, me kuke ɗauka ku kai? Takarda ce, mai shafuka, mai sa hannun dattawa. Ban taɓa jin an tura wa kwamitin Majalisar saƙon murya ba. Kuma kai da kake zuwa tafsiri duk azumi ka fi ni sanin cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda take cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mutanen da aka fara umarta da haka kuwa sun fi mu riƙon alkawari nesa ba kusa ba.

Bari in ƙara tsokanar ku. A watan Janairun 1824 wani Bature matafiyi, Clapperton, ya sauka a birnin Katagum, garin da Malam Zaki ya kafa, a zamanin Sarki Ɗan Kauwa. Ya fito ne daga Borno, kuma ya rubuta cewa a Katagum ya fara ganin ana ciniki da wuri. Yau fiye da shekara ɗari biyu ke nan, mun san da me aka sayi kaya a kasuwar Katagum a wancan watan. Kai kuma an tambaye ka farashin da ka yi wa mutum alkawari kafin Sallah, kana kallon silin.

Abin ma da ya fi ba ni dariya shi ne, wannan da kuke kira sabon salo na 'yan boko, kakanninku sun yi shi a nan garin. Tun da aka dawo da hedikwatar masarauta daga Katagum zuwa Azare a farkon zamanin Turawa, ofisoshin En'e da fayil suka yi aiki. Kowace magana da fayil ɗinta. Akawu ya rubuta bayaninsa a takardar da ke ciki, ya sa hannu da kwanan wata, masinja ya ɗauka ya kai tebur na gaba, na can ya rubuta amsa a ƙarƙashi. Akawu ya yi ritaya, wani ma ya rasu, amma wanda ya zo bayansa yana buɗe fayil zai ga wa ya ce me. Har gobe haka ake yi a sakatariya. Filin rubutun da ke shafin kwastoma shi ne wannan takardar ta cikin fayil, an dai sallami masinja ne, kuma gara ba ta cin ta.

Yanzu bari in ba ku naku, don kada ku ce na zo da son kai. Saƙon murya ya fi sauƙi, wannan ba gardama. Akwai ma'aikacin da ya fi kowa iya ciniki amma rubutu yana ba shi wuya, kuma yawancin manhajojin nan da Turanci maɓallansu suke magana, ko da yake ba wanda ya hana ka rubuta saƙonka da Hausa. Direban da ya ɗauko kaya zuwa Potiskum ba zai riƙa danne-danne a kan sitiyari ba, kada ma ya soma. Shi ya buga waya, wanda yake zaune a tebur ya rubuta. Sai kuma babbar hujjarku, sabis da wuta. WhatsApp jarumi ne a wannan fage. Ko sanda ɗaya ce ta sabis a ƙauyen da ke bayan Gamawa, zai riƙe saƙonka ya yi ta lallaɓawa har ya wuce. Manhajar kwastomomi kuwa, musamman wadda ake buɗewa ta intanet, 'yar gata ce, in sabis ya yi rauni sai ta tsaya tana juya maka zobe a allo. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, har manyan bankuna sai da suka ji a jikinsu. Duk na yarda. Sai dai ku ma ku tuna da ranar 4 ga Oktoba 2021, da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke ɗif na wajen awa shida. Na san wasunku a daren nan sun kashe waya sun kunna ya fi a ƙirga, wasu sun sake sayen data, wasu sun zagi kamfanin layinsu da bai ji ba bai gani ba. Jarumin naku ma yakan faɗi. In sabis ya ɗauke a yi waya, in ya dawo a rubuta abin da aka faɗa. Minti biyu ne.

Kuma akwai ranar da mutum ba ya isa ya riƙe komai a ka. A daminar 2024, lokacin da ruwa ya yanke titin Kano zuwa Maiduguri a nan ƙasar Katagum, duk mai jiran lodi ya san yadda waya ta riƙa ruri. Wannan kwastoma an ce masa jibi, wancan an ce masa a mayar masa da kuɗinsa, na uku an ce ya karɓi wani kayan a madadin. Mutum huɗu ne suke amsa waya, kowa da irin alkawarin da ya ɗauka. A irin wannan rana ake gane shagon da yake da ƙwaƙwalwa ɗaya da wanda yake da huɗu masu saɓa wa juna.

To amma mu daina zagaye-zagaye. Sabis da NEPA mayafi ne kawai. Abin da ya sa wasunku ba sa ƙaunar filin rubutun nan shi ne ba ya mantuwa, kuma ba ya jin kunyar kowa. A WhatsApp mutum zai ba da umarni, in abu ya ɓaci ya lallaɓa ya goge wa kowa, ko ya kunna saƙo mai ɓacewa da kansa, washegari ya zo yana zare ido: “Ni na ce ka ba shi? Yaushe?” A shafin kwastoma kuwa ga sunanka, ga ƙarfe 4:17 na yamma. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Manajan da ya fi kowa cewa manhajar tana da nauyi, ku ɗan duba lissafin kwastomomin da yake kula da su, ba don komai ba, don dai a sha iska.

Ku kuma samari da 'yan mata masu tsoron wai maigida zai riƙa sa muku ido, ai tuni idonsa yana kanku. Bambancin shi ne yau in an yi ɓarna, ƙarami ake dubawa, don shi ne ba shi da shaida. Yarinyar da take kan kanta, wadda ba za ta iya kallon manaja ta ce masa ƙarya yake yi ba, ita ce ta fi kowa cin ribar rubutu. Ba sai ta buɗe baki ba. Ta juya masa allo kawai.

Akwai kuma zancen da Alhazai ba sa son a taɓo, don ya taɓa cin kusan kowa. Yaron da ka riƙa tun yana share shago, shi ke magana da kwastomomi a wayarsa. Lambobinsu suna wurinsa, hirar shekara biyar tana wurinsa, ya san wanda ke biya a kan lokaci da wanda sai an bi shi har gida. Ranar da ya yi sallama ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi, kai ka rage da kanta da sikeli, kasuwar ta tafi a aljihunsa. Ba na zargin yaron, neman na kai halal ne. Kai ne ka gina rumbunka a gonar wani.

Hukuma ma ta fara leƙowa. Tun Yunin 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita. Hoton katin ɗan ƙasa na kwastoma, da lambar asusunsa, da hoton fuskarsa, waɗanda kuke watsawa a guruf mai mutum talatin, har da wanda ya bar aiki bara ba a cire shi ba, amana ce da doka za ta iya tambayar ku a kanta. A Amurka abin ya wuce wasa. A Disambar 2021 an ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa suna zancen aiki a WhatsApp da wayoyinsu na kansu, inda bankin ba ya iya ajiye maganar. A Satumbar 2022 aka haɗa wasu manyan bankunan aka ci su fiye da dala biliyan ɗaya da rabi a kan laifi iri ɗaya. Na san amsarka, Alhaji: kai ba JPMorgan ba ne. Wallahi na yarda, ko makaho ya shafa ya san haka. Shi ya sa su suka biya suka ci gaba da harkarsu, kai kuwa 20,000 ta hana ka barci.

Sai dai in kun tuba kun shiga, ku shiga da hankali, don wurin yana da rami. A Odoo, alal misali, maɓallai biyu ne suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya na ajiye bayani ne tsakanin ma'aikata. Ɗayan na aika saƙo ne ga duk masu bin shafin, kuma sau da yawa kwastoman da kansa yana cikinsu, saƙon ya tafi masa ta imel. Ka ga mutum ya zauna ya zazzage cikinsa: “Wannan bawan Allah taurin bashi gare shi, kada wanda ya sake ba shi ko allura.” Ya danna na hagu maimakon na dama. Kafin la'asar bawan Allah ya iso da babbar riga da ƙanensa lauya. Ko ba a yi kuskuren maɓalli ba, dokar nan ta 2023 ta ba mutum damar neman a nuna masa bayanan da aka ajiye a kansa. Saboda haka a rubuta abin da ya faru: ya yi alkawarin biya ranar kaza, bai biya ba, an kira shi sau biyu. Zancen cewa ya ƙara aure da kuɗin mutane, a bar shi a bakin mai shayi, can ma ɗin giba ce.

Wani ramin kuma na masu zafin sabon shiga ne. Kada a mayar da shafin kwastoma dandali. Sanarwar suna, gudummawar biki, wa zai je ta'aziyya Jama'are, wa ya ci kuɗin adashi, duk wannan hakkin guruf ne, kuma ba mai ƙwace masa. Ban ce ku rufe shi ba. Ni ma ina cikin guruf-guruf da ban san wanda ya jefa ni ciki ba, kuma kunya ta hana ni fita.

Inda abin yake mutuwa kullum wuri ɗaya ne, teburin maigida. Yara za su fara da ɗoki, mako na farko kowa yana rubutu har da waƙafi da aya. Sai Alhaji ya kira daga Kano ya ba da umarni da baki, aka ce a rubuta, ya ce shi ba ya son iyayi. Manaja ya gani ya kwaikwaya. Kafin wata ya ƙare filin ya koma kufai. Ba a ce lallai sai ka koyi buga rubutu da yatsa goma ba, ranka ya daɗe. Ka iya tambaya ɗaya tak, ka riƙa yin ta kullum: “An sa a shafinsa?” In aka zo maka da ƙorafin kwastoma, kada ka saurara sai an buɗe shafin a gabanka. Mako biyu ya isa kowa ya gane cewa maganar da ba ta can ba ta da uba.

Na hango ka kana gyara zaman hula, ka ce maganata tana kan hanya, in Allah ya yarda za ku fara bayan Sallah, in kasuwa ta ɗan lafa. Madalla. Ƙarama ko babba? Ta wace shekara? Ka faɗa wa yaron nan na kusa da kai ya rubuta, ya sa kwanan wata, don na san halinka.